Farin Ƙwallo Ɗaya, Baƙaƙe Goma

Ku da kuke danna maɓalli inji ya yanka muku katako, sannan ku ce aikin kafinta ba wani abu ba ne, ku matso ku dubi allon nan da ke jingine a bayan ƙofa. A'a, kada ku ɗaga shi da hannu ɗaya, katakon shen ne, icen Turai mai nauyin tsiya, sai ya sauke muku kafaɗa. Ku ƙirga tsagogin da ke jikinsa. Sittin ne, sahu goma sha biyu, kowane sahu tsaga biyar. Da kurfi da guduma na fafe su ɗaya bayan ɗaya, kuma in kun sami guda da ta fi 'yar'uwarta faɗi ko da kaurin farce ne, abincin ranarku yau a kaina. Ku sa yatsa ku ji, ba cizo yake yi ba.

Kafin in gaya muku ko na mene ne, sai kun san hannun da ya yi shi. Na sauka Paris ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ban san komai ba sai gaisuwa. Alhaji Habu ne ya karɓe ni, abokin mahaifina tun suna samari a Tasawa, lokacin yana zaune a Stains, a gefen Paris, yana kasuwancin fata da atamfa. Baba nake ce masa. Ya ajiye ni a falonsa, ya saya mini rigar sanyi, ya yi sati biyu yana kallona, sannan ya ce, "Isufu, kai ba ɗan kasuwa ba ne. Mutum ya taya kaya sai ka ji tausayinsa. Amma na ga ka gyara ƙafar kujerar nan ba wanda ya sa ka." Washegari ya kai ni wurin wani tsoho ɗan Fotugal mai suna Manuwel, mai shagon kafinta a wani lungu.

Aikina na farko a wurin Manuwel aljihun tebur ne, guda ɗaya tak. Kafin ya bar ni in taɓa shi sai da na yi wata uku ina shara da wasa kurfi a dutse. Da na haɗa aljihun na kawo masa ina ta washe baki, sai ya sa ɗan yatsa ɗaya a kusurwa ya tura. Ya cije. Ya ce, "Encore." Wato a sake. Kalmar Faransanci ta farko da ta zauna mini a kai ke nan, don na ji ta ya fi sau dubu. Sau bakwai na sake aljihun nan. A na bakwai ya tura da yatsa, ya shige sumul har iska ta fito ta bayansa ta ce fuu. Bai yaba ba, bai ko dube ni ba, sai dai da rana ya raba burodinsa biyu ya miƙo mini rabi. Tsohon nan ba ya yarda da ido, nasa ko na wani. Kome sai an gwada, kuma gwaji ɗaya a wurinsa ba gwaji ba ne.

Shekara ta casa'in da uku ita ce mugunyar shekara. Gine-gine suka tsaya, masu odar kabad da taga suka ɗauke ƙafa, mu wuni muna wasa kurfin da ya riga ya yi kaifi. Manuwel ya rufe shago ya koma ƙasarsu. Ranar tafiyarsa ya naɗe kurafunsa shida a tsohuwar rigar aikinsa ta fata ya ɗora mini a hannu, su ne waɗancan da nake hana ku taɓawa. Na yi watanni ina dakon kaya a kasuwa. Lokacin Baba Alhaji ya riga ya koma Lyon ya buɗe kanti a unguwar Guillotière. Rana ɗaya ya kira ni a waya, ko gaisuwar kirki bai bari mun yi ba, ya ce, "An ce mini kana ɗaukar buhun albasa da hannun da Allah ya ba sana'a. Haɗa kayanka ka taho." Na zo na tarar ya samo mini garejin nan na Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon, da muke zaune a ciki, ya miƙo mini makulli, ya bi kantunan Larabawa da na 'yan Afirka yana cewa duk mai son kanta ko tebur ga ɗansa ya zo. Ku riƙe wannan, don ku san ko wane ne mutumin nan a wurina.

To, allon. Bayan kamar shekara biyu da zuwana, wata rana da hantsi wata mata ta shigo da jaka a kafaɗa, Madam Kilodin, malamar tarihi a wata lakwal ta manyan yara. Ta fito da hoton wani fasasshen dutse mai tsagogi jeri-jeri ta shimfiɗa a kan benci. Ta ce kafintoci uku ta je wa, duk sun ce ba su da lokacin wasan yara. Ta faɗi sunan abin da Girkanci, na gwada sau biyu harshena ya ƙi, na ce, "Madam, ni allon ƙuri'a zan ce masa." Ta ce ya yi.

Na ce mata ba na yin abin da ban san amfaninsa ba, don in ban san yadda za a wahalar da shi ba, ban san inda zan ƙarfafa ba. Sai ta zauna a kan akwati, na dafa mana shayi, ta shiga bayani. A birnin Atina na ƙasar Girka, tun kafin zuwan Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru, kowane ɗan gari yana da ɗan katinsa mai sunansa. In ana neman masu yanke shari'a, sai a soka katunan a tsagogin dutsen nan. A gefensa akwai bututu mai mazurari a sama. A zuba ƙwallaye farare da baƙaƙe a gauraye, a riƙa sakinsu ɗaya ɗaya ta ƙasa. Ƙwallon farko na sahun farko ne, na biyu na sahu na biyu, haka har ƙasa. In baƙi ya fito, mutanen sahun nan su koma gida. In fari ne, su ne a kan kujera.

Na ce, "Wato ba sa zaɓe?"

Ta ce suna yi, amma ga shugabannin yaƙi da irin aikin da sai gwani. Sauran muƙamai da yawa, har majalisarsu ta mutum ɗari biyar, ƙuri'a ce ke fitarwa. Ta ce su a ganinsu in aka ce a zaɓa, to mai dukiya da mai suna da mai baki su ne za su ci kullum, sai mulki ya koma hannun 'yan tsiraru ana ji ana gani. Mulkin jama'a a wurinsu shi ne mai gyaran takalmi ya zauna a kujera bana, baɗi ya tashi wani ya zauna.

Na ce, "Kuma attajiran suka yarda?"

Ta yi dariya ta ce ina fa. Rigimar da Girkawa suka yi ta yi ke nan gari bayan gari, tsakanin mulkin jama'a da mulkin 'yan kaɗan. Masu son na 'yan kaɗan suna cewa ba a ba wanda bai taɓa tuƙi ba jirgin ruwa don kawai ƙwallo ya faɗo a kansa. Ta ce a garin Sparta majalisar dattawa ce mai ƙarfi, sai wanda ya kai sittin yake shiga, kuma da ihu ake zaɓensa, wanda jama'a suka fi yi wa ihu shi ya ci. Na ce wannan kam ba sai an je Girka ba, na gan shi da idona. Ta ce ko a Atina ɗin akwai lokacin da suka sha kashi a yaƙi, mutum talatin suka ƙwace garin, suka kashe mutane da yawa, amma ba su daɗe ba aka kore su aka koma wa tsarin da. Na tambaye ta ko kowa da kowa ne ke da kati. Ta ce a'a, ban da mata, ban da bayi, ban da baƙi ko sun tsufa a garin. Na ce to wa ya fafe musu dutsen? Ta dube ni ta ce, "Mai yiwuwa wani baƙo ne kamarka." Na ce Allah sarki, ashe ina da ɗan'uwa a can.

Tsagogin ba su ba ni wahala ba, haƙuri kawai suke so. Bututun ma na haƙa shi a katako biyu na manne, na sa masa mariƙi a ƙasa wanda in ka juya sau ɗaya ƙwallo ɗaya ne zai faɗo. Ƙwallayen ne suka kusa zautar da ni. Na juya su a inji, kowane kamar ɗan aduwa, na shafa wa wasu baƙin fenti, wasu fari. Na zuba, na juya, abu ya yi aiki. Da ku ne, da tuni kun ɗauki hoto kun kai wa mai shi. Ni kuwa muryar Manuwel tana kunnena, sai na ɗauki alli na tsaya gaban bangon can ina zubawa ina ja masa layi. Kafin la'asar bango ya nuna mini abin da ido bai gani ba, farin kusan kullum a ƙarshe yake fitowa. Ashe farin fenti sai an shafa shi sau uku kafin ya rufe katako, baƙi kuwa sau ɗaya. Kaurin fentin nan da bai kai na takarda ba shi ke sa farin ya tsaya a bakin mazurari har sauran su wuce.

Madam ta ce, "Haba Malam Isufu, yara ne fa, ba za su lura ba." Na ce ai ba don yaran ba ne, wanda yake sahun farko an cuce shi ko ya lura ko bai lura ba. Na zubar da su na sake wasu daga gungume ɗaya, na auna kowane a sikelin mai sayar da zinariya da ke maƙwabtaka da kantin Baba, na rina baƙaƙen da rini mai shiga cikin katako, fararen na bar su da launinsu. Na koma bango da alli kwana biyu. Sai da na ga fari yana fitowa inda ya ga dama, sannan na ce ta zo ta ɗauka.

Kafin ta zo ne Lawali ya gan shi. Lawali ɗalibi ne a jami'a, ɗan Damagaram, mai baki kamar rediyo, ya zo in gyara masa teburin karatu. A lokacin ƙungiyarmu ta 'yan Nijar mazauna Lyon tana cikin rigima. Tun kafa ta alhazai biyar ne ke riƙe da ita, Baba Alhaji ne babbansu. Su ke karɓar baƙo, su ke sasanta ma'aurata, in an yi rasuwa su ke bin takardu har a kai gawa gida. Ba wanda ya zaɓe su, kuma a gaskiya ba wanda ya taɓa cewa sun ci amana. Amma iskar siyasa ta taso daga gida, kowa yana maganar dimokuraɗiyya, ɗalibai da ma'aikata suka ce su ma sai an yi zaɓe. Aka gwada. Tabɗi! Kowa ya bi jam'iyyarsa ta gida, 'yan Maraɗi gefe, 'yan Damagaram gefe, 'yan Tawa gefe, wanda kuma aka taɓa saukarwa a falo ya ɗaga wa mai falon hannu. Aka tashi baram-baram, mutanen da suke cin tuwo a kwano ɗaya suka daina gaisawa.

Lawali ya juya mariƙin allon nan sau biyu, na ba shi labarin da Madam ta ba ni, sai ya buga tsalle ya ce, "Voilà! Kawu Isufu, ai ka gama mana aiki." Na ce ni ban gama wa kowa komai ba, odar mutane ce. Bai saurare ni ba. Cikin sati biyu maganar ta zagaye Guillotière. Wasu suka ce caca ce, limaminmu ya ce ƙuri'a ba caca ba ce, an san ta a addini. Wasu suka ce to ban da mata, tun da Girkawan ma ba su sa ba. Hajiya Rabi, wadda ke dafa abincin duk wani suna da biki namu, ta ce, "Nan Lyon ne. Wanda ya cire sunana ya nemi mai tuƙa masa tuwo." Aka sa mata. Mutane sun gaji da gaba, sai aka amince: mutum biyar da ƙwallo ya fitar su riƙe ƙungiya shekara ɗaya. Madam ta ce a ari allon da sharaɗin a ba ta labarin yadda aka ƙare. Abu ɗaya ne kowa ya haɗu a kai ba gardama, har Lawali mai baki: ba za a soka sunan Alhaji Habu a ƙarƙashin na mai wankin kwanoni ba. Alhazai biyar su ne sahun farko. Ni ban damu ba, na san in ƙwallaye na gaskiya ne, sama da ƙasa duk ɗaya.

Ana saura kwana biyar Baba ya aiko in zo. Bayan la'asar ne, ya ja ni bayan kanti tsakanin dilolin atamfa. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi gida, ya tambayi ko garejin yana yoyo. Sannan ya ce, "An ce farin ƙwallo ya ba ka wahala, wai a ƙarshe yake fitowa."

Na ce, "Na gyara, Baba."

Ya ce, "Wanda ya san abin da ke sa shi jinkiri, ai ya san abin da zai sa shi sauri."

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Ya ce, "Kada ka ɗauka kujera nake so, me ke cikinta ban da wahala? Amma gobe in wani ya faɗi ya mutu, yaran nan sun san ƙofar da ake bugawa? Sun san wanda ake gani a asibiti, da wanda ake gani a filin jirgi? Gawar ɗan mutane za ta yi wata a firji suna taro. Shekara ɗaya kawai, Isufu, in koya musu a hankali."

Ku 'yan yanzu da kun ce masa a'a a take, har ku kawo masa dalilai. Ni ban iya ba. Mutumin da ya saya mini rigar sanyi, ya ɗora ni a kan sana'a, ya ba ni makullin inda nake cin abinci, kuma abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne. Na ce, "Na ji, Baba," na fito.

Kuma na yi shi, kada ku zaci ban yi ba. Na juya sabon farin ƙwallo, na rage masa kauri kaɗan yadda ido ba zai kama ba. Na huda shi da siririn ƙarfe, na ɗura darma, na toshe da ɗan katako daga gungumen, na bi layin itacen yadda ko ni sai na juya shi a rana kafin in ga wurin. Na zuba shi cikin baƙaƙe na gwada. Ya riƙa nutsewa ƙasan mazurari yana fitowa farko, in ya kuskure sau ɗaya ya ci sau tara. Wallahi ban taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba, kuma ban taɓa jin ƙyamar hannuna irin ta ranar ba. Kwana uku abinci ba ya mini daɗi. Na ɗinka 'yan jakunkuna biyu, na zuba baƙaƙe goma da fari ɗaya a kowace, don mu hamsin da biyar ne, sahu goma sha ɗaya. Ɗaya na sa a aljihun dama, ɗaya a hagu, kuma har na shiga motar da ta ɗauki allon ban san wadda zan fitar ba.

Ranar Lahadi ce bayan azahar, a wani zaure da muka ara a nan unguwar. Aka kafa allon a kan tebur, aka soka katunan, alhazai a sama, sauran aka ɗebo su daga kwando ido rufe. Ni a zatona ni zan zuba ƙwallayen, tun da ni na yi abin. Sai liman ya ce, "Babba shi ke buɗe taro. Alhaji Habu, bismilla." Kowa ya ce haka ne. Baba ya taso da babbar rigarsa ya tsaya kusa da ni ya miƙo hannu.

Ban shirya abin da na yi ba. Hannuwana biyu suka shiga aljihu suka fito tare. Na juya wa jama'a baya kamar ina gyara mazurari, na ce masa a hankali, "Baba, wannan ta lakwal ce. Wannan kuma wadda ka ce ce. Na yi, tana aiki. Amma ni ba zan iya zaɓa ba."

Ya dube ni, kallon da ban taɓa gani a idonsa ba. Ya buɗe jakar farko ya ɗauki farin ya aza a tafin hannu. Ya buɗe ta biyu ya aza nata a ɗaya tafin. Ɗan kasuwa ne, hannunsa sikeli ne, bai buƙaci in ƙara magana ba. Mutane suna ta surutu a baya, wani yana cewa a yi sauri yana da aikin yamma. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, ni dai gumi ya jiƙa mini riga a cikin sanyin nan. Sai ya mayar da mai nauyin cikin jakarsa ya cusa mini a aljihu da ƙarfi har na yi baya. Ya girgiza ta lakwal, ya yi bismilla, ya juye a mazurari.

Liman ya juya mariƙi. Baƙi. Ba wanda ya iya duban sahun alhazai. Baba ya koma ya zauna ya fito da carbinsa. Sahu na biyu, baƙi. Na uku, inda sunan Lawali yake, baƙi, aka fashe da dariya har shi, wani ya ce Girkawa sun yi maganin rediyo. Farin bai fito ba sai a sahu na bakwai: Hajiya Rabi, da direbobi biyu, da wata ɗaliba mai kunya da ba a taɓa jin muryarta ba, da Sule mai wankin kwanoni a gidan abinci. Sule ya miƙe yana rantsuwa, "Ni? Wallahi ban iya komai ba, a sake!" Hajiya Rabi ta ja rigarsa ta ce, "Zauna, shugaba, kada ka ba mu kunya."

Daga ranar Baba ya ɗauke mini wuta. In na je kanti na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce "Lafiya" ya juya ga mai saye. Bai karɓe makulli ba, bai ce wa kowa komai ba, odar da yake turo mini ma ba ta tsaya ba, amma ya daina kirana ɗansa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na san abin da na yi masa. Ya roƙe ni abu a ɓoye don kada ya gani da idonsa, ni kuma na ɗora masa shi a tafin hannu.

Ana cikin haka, wajen sati na shida, abin da ya ji tsoro ya faru. Wani bawan Allah ɗan Tawa ya rasu a asibiti. Su biyar ɗin suka yi kwana biyu suna zagaye ba su san inda za su fara ba, a na uku suka tafi kantin Baba suka durƙusa. Ya rufe kanti ya bi su. Sule ne ya ba ni labari, ya ce kowane ofis suka je Baba sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Shiga, kai ne shugaba. Ka ce kaza, in sun ce kaza ka nuna musu wannan takarda." Ɗalibar nan mai kunya kuwa ashe ita ta fi kowa iya cika takardu. Cikin sati aka sa gawa a jirgi.

Washegari da safe ina goge wata ƙofa sai na ga inuwa a bakin gareji. Baba ne, shi kaɗai, ya hau bas tun daga Guillotière, abin da bai taɓa yi ba. Na ajiye aiki na durƙusa. Bai amsa gaisuwar ba, ya ce, "Ina ɗayan?"

Na ɗauko ƙwallon mai darma daga cikin akwatin kurafu na ba shi. Ya juya shi a hasken ƙofa yana neman inda na toshe, bai gani ba. Ya aza a kan benci ya ce, "Fasa." Na sa kurfi na buga sau ɗaya, ya rabe biyu, darmar ta gangara ƙasa. Ya ɗauki ɓarin ya duba cikinsa ya girgiza kai.

Ya ce, "Kai, ɗan banza, amma ka iya aiki."

Na tsinci darmar na ajiye a kan benci.

Ya ce, "Da na ɗauki wannan ranar nan fa, me za ka yi?"

Na ce, "Da na yi shiru, Baba. Har abada ba mai ji a bakina. Amma ban san yadda zan ƙara riƙe kurfi ba."

Ya zauna a kan akwati. Ya ce, "Tun ina yaro nake awo, ban taɓa tauye wa kowa mudu ba. Sai da furfura ta cika mini kai na ɗauki ɗan abokina, wanda aka ba ni amana, na ce ya yi mini ha'inci da hannunsa." Sannan ya dube ni ya ce, "Isufu, ka yafe mini."

Ban taɓa jin babba ya faɗa wa yaronsa haka ba, kuma ni ne nake da niyyar roƙonsa tun sati shida ban sami fuska ba. Sai hawaye suka zubo mini, ni da gemuna, ina durƙushe a cikin garin katako. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya dafa kaina.

Ya ce, "Tashi haka nan, ɗana. Ƙofar kantina sati shida tana kuka, na hana kowa ya taɓa ta. Gobe ka zo da kayan aikinka."